Yanka a Gaɓa: Daga Robar Kunun Zaƙi Zuwa Tankin Gulukos

Tsinkewar kunu abin faɗa ne a gidan Bahaushe. A dama koko da kaurinsa, yaro ya lashi ludayi ya mayar cikin kwano, kafin a gama karin kumallo ya koma tsararo, uwar gida ta hau sababi. Laifin na miyau ne, domin a cikinsa akwai wani sinadari da ke daddatsa sitaci, irin waɗanda masana ke kira enzayim. Amma je Wudil ranar Juma'a, ka bi ta bakin gada ka nufi Kara inda ake cinikin shanu, za ka ga 'yan mata da kuloli cike da kunun da aka tsinkar da gangan, kuma sai ka biya kuɗi za ka sha. Kunun zaƙi ke nan. Abin da ke ɓata koko shi ne jarin mai wannan sana'a, ita dai ta san yadda za ta kira shi da kuma inda za ta tsayar da shi.

Wadda ta san hannunta takan jiƙa gero ko dawa tun jiya, ta wanke, ta rege tsakuwa, ta aika inji da citta da kanumfari da masoro. Akwai kuma wani ƙaramin bokiti da ba ta yarda a haɗa shi da babban: busasshen dankalin Hausa ne a ciki, wanda aka fere aka yanyanka aka shanya. Wasu tsiron shinkafa ko na dawa suke sawa, wato hatsin da aka jiƙa aka lulluɓe da buhu har ya fito da saiwa, sannan aka baza a rana. Idan markaɗe ya dawo, sai ta sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa, tana juyawa da ƙarfi har ya yi kauri ya riƙe muciya a tsaye. Daga nan ta janye hannu. 'Yarta mai gaggawa ta sungumo ƙaramin bokitin za ta juye, uwar ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye. Bari ya sha iska tukuna." Takan ɗora bayan hannu a jikin roba, ta je ta yi wani aiki, ta dawo ta sake ɗorawa. Sai zafin ya sauko yadda hannu zai iya ɗan jimrewa sannan ta zuba ɗanyen ƙullun ta gauraya. Ba a jimawa muciyar da ke tsaye ta fara yawo. Ta rufe, ya kwana, da asuba ta tace. Ga zaƙi tun kafin a sa sukari, ga ɗan tsami-tsami a bayansa.

Wannan dakatawar ita ce rabin sana'ar. Sitacin da ke cikin hatsi a dunƙule yake, cikin 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma enzayim ba ya samun ƙofar shiga sosai sai ruwa da zafi sun kumbura su sun fasa. Sitacin dawa taurin kai gare shi, sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye a ma'aunin Selshiyas yake buɗewa. Su kuwa enzayim ɗin da za su ci shi, yawancinsu a daidai wannan zafin suke fara mutuwa. To ka ga tsaka mai wuya: wutar da ke buɗe abincin ita ce ke kashe mai ci. Raba ƙullu biyu shi ne mafita. A dafa kaso ɗaya, a ɓoye ma'aikatan a ɗaya kason mai sanyi, sai zafi ya sauko zuwa wajen 60 a gama su. Idan ta zuba da wuri, kunun ya zauna da kaurinsa babu zaƙi. Idan ta yi sanya har ya huce sarai, aikin ya yi nawa, tsami ya riga zaƙi isowa.

Sai dai ko mafi gwanintar masu kunu ba ta mayar da sitacin nan sukari gaba ɗaya. Akwai wurin da aikin ke cijewa, kuma wannan wurin ne ya haifar da wata babbar masana'anta a duniya.

Sitaci sarƙa ce ta gulukos, ɗaya maƙale da ɗaya. Iri biyu ne a cikin kowace ƙwaya. Amilos doguwar sarƙa ce, kusan miƙaƙƙiya, kuma ita ce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a yawancin hatsi. Ragowar amilofektin ne, wanda bayan kowane gulukos 24 zuwa 30 yakan fitar da reshe, reshen ma ya fitar da nasa. A miƙaƙƙen wuri, gulukos na kama ɗan'uwansa ta kabon na 1 da na 4. A gindin reshe kuwa ta na 1 da na 6 yake kamawa. Wannan ɗaurin na 1 da 6 bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na dukkan ɗaurin ba, amma shi ke hana ruwa gudu.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci zai fahimci rabon aikin. Akwai mai gatari, yana sara duk inda ya samu, ya mayar da babban gudaji ƙanana. Shi ne alfa-amilas, na cikin miyau da na cikin tsiro, kuma shi ke tsinka kunu cikin mintuna. Akwai mai ƙaramar wuƙa, yana yanka daga baki yana matsowa ciki, gulukos bibbiyu, wato maltos. Shi ne beta-amilas, kuma dankalin Hausa cike yake da shi, abin da ya sa gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi nesa ba kusa ba. Tun 1946 masana a Amurka suka tace shi tsantsa daga dankalin. Dukansu biyu idan suka iso gaɓa sai su tsaya. Mai gatari ya kewaye ta, mai wuƙa ya tsaya saura gulukos biyu ko uku ya kai. Sai na uku, wanda bai damu da tsoka ba, ya san inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, ya zura wuƙa sau ɗaya reshe ya faɗo. Da ya faɗo ya zama miƙaƙƙiyar sarƙa, mai ƙaramar wuƙa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan na ukun shi ne enzayim mai cire reshe.

Idan aka bar beta-amilas shi kaɗai da amilofektin, abin da zai iya mayarwa maltos bai wuce kashi 55 zuwa 60 ba. Ragowar guntaye ne masu rassa, ana ce musu dekstirin. Ba su da zaƙi, amma su ke ba kunun zaƙi jiki, su ke sa ka ji ya cika baki maimakon ya wuce kamar ruwan sukari. Ina ganin nan ne mai kunu ta fi burgewa: ba ta son a yanke komai. Tsiron hatsi na ɗauke da nasa mai cire reshe, wanda tsiro ke amfani da shi don ya cinye guzurin da ke cikin ƙwaya kafin ya yi ganye, kuma shinkafa na cikin hatsin da suka fi shi yawa. Sai dai ba ya jure zafi sosai. Wadda ta sa tsiro da yawa ta kuma bar shi ya daɗe, kununta zai yi zaƙi ya yi ruwa. Wadda ta dogara da dankali za ta samu mai ɗan nauyi. Kowace da masu sayenta, kuma kowace ta san ma'auninta da gwangwanin madara, ko da ba ta taɓa jin sunan amilofektin ba.

Mai masana'anta akasin haka yake so. Shi kowane reshe da ya rage asara ce.

An daɗe ana wannan fama. A 1811 Gottlieb Kirchhoff a Rasha ya dafa sitaci da asid ya samu sukari, kuma fiye da shekara ɗari da asid ake yi, duk da ɗaci da duhun launi da yake jawowa idan aka matsa masa. A 1833 Anselme Payen da Jean-François Persoz a Faransa suka ware sinadarin da ke aiki cikin tsiron sha'ir. Mai cire reshe kuwa sai a 1951 Hobson da Whelan da Peat a Birtaniya suka bayyana shi daga dankalin Turawa da wani irin wake. Shekara goma bayan haka, a 1961, Bender da Wallenfels a Jamus suka same shi a jikin wata bakteriya da a yau ake kira Klebsiella. Sun gwada shi ne a kan fululan, wani abu mai yauƙi da wata fumfuna ke fitarwa, sai sunan fululanas ya bi shi. A 1968 Harada da abokan aikinsa a Japan suka samo ɗan'uwansa, aisoamilas, daga wata bakteriyar ƙasa. Su biyun ba hali ɗaya ba ne. Fululanas yana iya cire reshen da ke da gulukos biyu kacal, amma rassan da suka cunkushe suna ba shi wahala. Aisoamilas yana kutsawa cikin cunkoso, amma ya fi son reshe mai gulukos uku ko fiye, kuma fululan ya fi ƙarfinsa.

Ga yadda ake yin gulukos a yau, daga masara ne ko rogo ko dawa. A dama sitaci da ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku sitaci. A zuba alfa-amilas mai jure wuta, irin Termamyl da kamfanin Novo na Denmak ya fitar a 1973 daga bakteriyar Bacillus licheniformis. A harba damun cikin bututu tare da tururi a digiri 105 na 'yan mintuna, sannan a riƙe shi a wajen 95 na awa ɗaya zuwa biyu. A nan masana'anta ta tsallake matsalar mai kunu, domin ta samu ma'aikacin da tafasa ba ta kashewa. Amma a mataki na biyu dole ita ma ta jira ya sha iska. A sauko da zafi zuwa 60, a ƙara masa tsami har ma'aunin pH ya nuna wajen 4.5, sannan a zuba gulukoamilas, wanda ake samu daga baƙar fumfunar Aspergillus niger, irin wadda ke yi wa albasa baƙin gari a ɗakin ajiya. Shi gulukos ɗaiɗai yake cirewa daga bakin sarƙa, kwana biyu zuwa uku yana yi.

Gulukoamilas yana iya yanka gaɓa, amma da ƙyar, kuma a hankali. Mai gaggawa zai ce to a ƙara yawansa mana. A nan ake yin kuskure, domin idan gulukos ya taru a tanki, enzayim ɗin nan yakan juya ya fara ɗaura abin da ya kwance, ya haɗa gulukos biyu ta ɗaurin 1 da 6 ya samar da aisomaltos. Ka ƙara kuɗi, ka ƙara ma'aikaci, amfani ya ragu. Haka aka yi ta tsayawa a wajen kashi 95 zuwa 96 cikin ɗari na gulukos. Fululanas na Klebsiella bai taimaka ba, saboda ba ya son tsamin tankin kuma zafin 60 ya yi masa yawa. Sai a farkon shekarun 1980 Novo ya samo wata bakteriya, Bacillus acidopullulyticus, wadda nata fululanas ke aiki a daidai tsami da zafin da gulukoamilas ke so, aka sa masa suna Promozyme. Shekara ashirin ke nan tsakanin gano abu da samun wanda zai zauna tanki ɗaya da abokin aikinsa ba rigima.

Ribar da ya kawo kashi 1 zuwa 2 ce cikin ɗari. Wanda bai taɓa lissafin masana'anta ba zai yi dariya. Amma a tan 100 na sitaci, tan ɗaya zuwa biyu ke nan na gulukos da da an yi asararsa, a kowane zubi, shekara da shekaru. Sannan an rage gulukoamilas, an rage kwanakin zaman tanki, kuma ana iya dama sitacin da ɗan kauri, wato an rage ruwan da za a ƙone da wuta daga baya. Duk wanda ya san abin da dizal ke ci a masana'antun Sharaɗa ko Bompai ya san wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Kuma gulukos da ake so ya daskare ya zama gari tsantsa, irin wanda ke shiga ledar ƙarin ruwa a asibiti, 'yan guntayen nan masu rassa su ke hana shi daskarewa da kyau.

Inda na fi jinjina wa masu wannan aiki shi ne matakin farko, wanda mutum zai ɗauka babu wata dabara a cikinsa. Idan aka bar alfa-amilas ya yi ta sara, yakan datse reshe har ya rage gulukos ɗaya tal a kan gaɓa. Irin wannan dungu fululanas ba ya iya kama shi, kuma daga irinsa ake samun fanos, guntu mai gulukos uku da ke zaune a tanki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Saboda haka gwanin mai lura da tanki yana tsayar da matakin farko tun sitacin bai tsinke da yawa ba, ya kashe alfa-amilas da tsami kafin ya wuce gona da iri, don ya bar wa mai zuwa reshe mai tsawon da zai riƙe. Yana ɗibar samfuri lokaci zuwa lokaci, ya ɗiga masa aidin a kan farin faranti. Ɗanyen sitaci yakan yi shuɗi mai duhu, yayin da yake daddatsewa ya koma shunayya, ya koma ja-ja, ya koma ruwan ƙasa, a ƙarshe aidin ya zauna da launinsa. Ɗalibin sashen kimiyyar abinci a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil zai iya ganin wani abin mamaki da wannan farantin: amilofektin tsantsa ja-ja yake bayarwa, amma ka sa masa mai cire reshe kaɗai, launin sai ya ƙara duhu ya karkata zuwa shuɗi. An yanka abu, ya fito kamar an ƙara masa tsawo. Dalili shi ne rassan da suka faɗo sun zama miƙaƙƙu, aidin kuwa cikin murɗin miƙaƙƙiyar sarƙa yake kwanciya.

Idan maltos ake so ba gulukos ba, sai a haɗa beta-amilas da mai cire reshe, abin da ke tsayawa a ƙasa da kashi 60 ya haura kashi 80. Masu alawa na son wannan ruwan saboda ba ya jan danshi kamar gulukos kuma ba ya saurin yin ja a wuta, abin da duk mai tebur da alawarsa ta taɓa manne wa takarda da damina zai yaba. Kamfanin Hayashibara na Okayama a Japan ya gina sunansa a kan wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1960. Daga gulukos kuma ake yin ruwan furuktos na lemon kwalba a Amurka, da sobitol na man goge baki, da itanol da ake gauraya wa fetur.

Yadda abin ya shafi manomin Wudil da Gaya da Garko kai tsaye ya faro ne daga 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Masu giya da masu lemon malt irin Maltina da masu garin shayi suka waiwayo kan dawa, wadda Najeriya ke noma tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara. Farafara da kaura, da irin SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, suka samu sababbin masu saye a kasuwar Dawanau. Injinan kuwa an ƙera su ne don sha'ir, wanda sitacinsa ke buɗewa a zafin da enzayim ɗinsa ke raye. Dawa ta ƙi wannan tsarin, ga shi tsironta ba shi da beta-amilas mai yawa. Ɗaya daga hanyoyin da masana suka yi nazari, cikinsu har da Farfesa Geoff Palmer na Jami'ar Heriot-Watt a Sikotlan da ɗalibansa 'yan Najeriya, ita ce a jiƙa garin tsiro, a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da enzayim a ajiye gefe, a dafa sitacin shi kaɗai, a bari ya huce, a mayar masa da ruwansa. Duk wata mai kunun zaƙi da aka yi wa wannan bayani za ta ce ai wannan raba ƙullu ne. Kamfanoni da yawa kuma suka zaɓi ɗanyar dawa tare da enzayim na jarka da ake sayowa daga waje.

Akwai wani amfani da ya juya wa duk wannan baya. Tuwon da ya kwana yakan yi tauri, domin miƙaƙƙun sarƙoƙi sun jeru sun manne da juna, kuma wani ɓangare na abin da ya manne ɗin hanji ba ya iya narkar da shi ko an yi ɗumame. Masana'antu suka ce to bari mu yi da gangan. Su dafa sitaci, su cire masa rassa duka ba tare da sun bar wani ya daddatsa shi ba, su sanyaya, sai ya zama gari mai wuce ƙaramin hanji kamar dusa, ana sa shi a burodi da biskit don a rage saurin shigar sukari jini. Enzayim ɗin da ake saye don a matse sukari na ƙarshe daga sitaci, shi ne kuma ake saye don a hana sitaci zama sukari.

Jikin ɗan'adam ma yana da nasa mai cire reshe. Hanta na ajiye gulukos a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a jikin babba, kuma rassansa sun fi na amilofektin cunkushewa, reshe bayan kowane gulukos 8 zuwa 12. Mai azumi da ke aiki a rana bayan azahar yana cin wannan ajiyar, kuma ba zai ci ta ya wuce rassan waje ba sai da mai cire reshe na cikin hanta, wanda Gerty Cori da Joseph Larner suka bayyana a 1951. Yaron da aka haifa ba tare da shi ba, ajiyar na nan amma ba ta ɗebuwa: hanta ta kumbura, ciki ya fito, sukarin jini ya riƙa faɗuwa da zarar ya ɗan jima bai ci ba. Ana kiran cutar da sunan Cori. Cikin abubuwan da likitoci ke ba irin waɗannan yara akwai ɗanyen sitacin masara damamme da ruwan sanyi, ba a dafa ba, saboda a dunƙule yake narkewa sannu a hankali, ya riƙe musu sukarin jini na wasu awoyi cikin dare.